Shekara 14 Kafin a Ce Babban Likita

Tambayar da masu jinya ke yawan yi ce ta kai ni sashen cututtukan manya na wani asibitin koyarwa a Arewa: me ya sa zagayen safe ke kaiwa har azahar? Shugabar ma'aikatan jinya ta yi mini maraba, ta haɗa ni da ayarin likitoci.

A wannan sashe ba a tiyata. Gadaje cike suke da masu hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki. An daɗe a kan wani dattijo mai kumburin ƙafa. "Baba, matashin kai nawa kake tadawa da dare?" in ji babbar likitar, domin wanda zuciyarsa ta raunana numfashi kan gagare shi in ya miƙe a kwance. Sannan ta sa ƙaramin likita ya faɗi ko zuciya ce, ko hanta, ko ƙoda, ya kuma kawo hujja. Ashe ana magani ne ana karatu.

Bayan salla wani likita mai neman ƙwarewa ya lissafa mini tafiyar. Shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki kafin cikakkiyar rajista, 1 ta bautar ƙasa. Daga nan jarrabawar share fage, sai kimanin shekara 6 a gefen gado da wasu jarrabawa biyu a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Ta ƙarshen sai da kundin bincike. Wanda ya faɗi, ya jira wata shida.

"Malam, 'yata ta shiga sakandare, ni ma ina bitar jarrabawa. Inna kullum sai ta ce, kai wannan karatu naka ba ya ƙarewa ne?"

Abokan karatunsa da dama suna Saudiyya da Ingila, bai kuma ga laifinsu ba. Ni ma ban gani ba. Amma kwanan asibiti bai dame shi kamar masu wankin ƙoda ba. Mutum na buƙatar wanki sau uku a mako, dangi su sayar da shanu, su jinginar da gona, wata rana a kira sunansa a ji shiru. Mafi yawansu, in ji shi, hawan jini ne ko suga da ba a kama da wuri ba.

Fannin ƙodar ya zaɓa, kuma duk wanda ya rako mara lafiya sai ya auna masa jini kafin ya fita.