AMSAR WASIƘUNKU: Ƙwayar bitamin tana ƙara ƙarfi?

Wani manomi daga Kebbe da wata 'yar kasuwa daga Tambuwal sun aiko da tambaya iri ɗaya: shin ƙwayar bitamin da ake tallarta ranar kasuwa, ana cewa tana ƙara jini da ƙarfi, gaskiya ne? Kuma tana da illa?

To Malam, to Hajiya, ga amsa. Bitamin ciko ne, yana cike abin da abinci ya gaza kawowa. Mai cin wake, zogale, rama, miyar kuka, nono da ƙwai, da hanta in ta samu, ƙwayar ba za ta ƙara masa wani abin kirki ba. A shekarar 2022 wani kwamitin masana lafiya na Amurka ya duba bincike masu yawa, ya ce babu isasshiyar hujjar cewa tana hana ciwon zuciya ko ciwon daji. Fitsari ya yi rawaya bayan an sha? Rarar bitamin B2 ce jiki ya zubar, kada a ɗauka magani ne ke aiki.

Akwai masu buƙata ta haƙiƙa. Mai juna biyu tana buƙatar ƙwayar ƙarin jini kullum, irin wadda ake bayarwa wajen awon ciki. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ana ɗiga masa bitamin A duk bayan wata 6. Waɗannan kada a yi wasa da su.

Illa kuwa akwai ta. Bitamin A in ya yi yawa yana taruwa a hanta, kuma yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Ƙwayar ƙarin jini, in ƙaramin yaro ya haɗiye ta da yawa, tana iya kisa, don haka a ɓoye ta nesa da hannun yara. A guji haɗin nan na sa ƙiba da ake ƙullawa a leda, ba suna ba kwali.

In kasala ta dame ka, Malam, je asibiti a auna jininka. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ko tsutsar ciki ke shanye jini, bitamin kuwa ba ya kashe su. In ma'aikacin lafiya ya rubuta maka, saya a kemis, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wadda ta wuni a tire cikin rana, bar wa mai ita.

Allah ya ba mu lafiya. A ci gaba da aiko da wasiƙu.