Sharar Jami'ar Ikko Da Masu Sana'ar Bola

Jami'ar Ikko da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, gari guda ce, sharar da take tarawa kuwa ba kaɗan ba ce. Wani bincike da malamanta suka buga a 2017 ya nuna ana kwashe wajen tan 32 kullum, kuma kashi uku cikin huɗu abin da za a iya sāke sarrafawa ne. Leda ce ta fi yawa, ita ce kuwa mai toshe lambatu da damina.

Jami'ar tana da wurin da ake ware leda, takarda, roba da gwangwani. To, 'yan'uwa masu bin bola, ai wannan aikinku ne tun tuni, sai dai ba a yabonku.

Masu tireda kuma ku yi hattara. Gwamnatin Jihar Ikko ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta soma aiki da dokar hana siririyar leda da cokulan roba. Gorar ruwa da ledar fiya-wata ba sa cikin hanin.