Matasa, Tsine wa NEPA Ba Shawara Ba Ce

Da zarar an ɗauke wuta, Facebook yakan cika da ƙorafi. Wannan ya tsine wa NEPA, wancan ya ɗora hoton kajinsa da zafi ya kashe. Amma a kira taron jin ra'ayin jama'a kan kuɗin wuta ko makomar lantarki, sai ka tarar 'yan fansho da masu masana'antu ne suka cika zauren. 'Yan samarin da suka zo suna can baya suna latsa waya, ana jiran takardar sa hannu da kuɗin mota.

A wani zama irin wannan da na halarta, an miƙa wa wani matashi mai digiri lasifika domin ya faɗi buƙatar unguwarsu. Ya jero muƙaman manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya gode wa waɗanda suka shirya taron, sannan ya ce yana roƙon gwamnati ta duba lamarin. Aka tafa masa! Wani injiniya ya tambaye shi awa nawa suke samun wuta a rana, ya ce, "Gaskiya dai ba sa kawowa sosai." A wane rukuni aka sa layinsu? Bai sani ba. Gida nawa ne a kan taransifomarsu? Shiru. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan yaron ya san tarihin 'yan wasan ƙwallon Turai har da kuɗin da aka sayo kowannensu, amma bai san abin da yake biya duk wata ba.

Abin takaicin shi ne yanzu ne ake yanke shawarar da za a daɗe ana rayuwa da ita. Tashar Kainji ta fara aiki tun 1968, har gobe muna shan wutarta. A 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a Glasgow cewa nan da 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa duniya hayaƙi mai ɗumama yanayi. Ɗan shekara ashirin na yau bai ma kai sittin ba a lokacin, shi zai ga sakamakon. Sannan dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu, kuma irin su Enugu, Ondo, Ekiti da Legas tuni suka karɓi ragama. Maganar ta baro Abuja, ta zo majalisar jiharka. Mu a Arewa ma mun fi kowa dalilin sa baki, don mun ga duhun da aka yi sama da mako guda a watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage kuma ya samu matsala. Rana ga ta nan tana ƙona mu a banza, alhali Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 tun 2019.

To, me za ka je da shi? Littafi. Littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. Duk lokacin da aka kawo wuta a rubuta, aka ɗauke a rubuta, a raba aikin tsakanin samarin majalisa, tunda dai zaman ake yi har dare. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Idan ana cajin ku kuɗin A ana ba ku wutar C, littafin nan ne shaidarku a gaban kamfani, kuma hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, tana da ofisoshin sauraron ƙorafi idan kamfanin ya ƙi ji.

A ƙara da lissafin fetur. Nawa mai walda, mai niƙa, tela da mai ƙanƙara suke kashewa a janareto duk mako tun da aka cire tallafi a 2023? Haɗa wannan adadin, shi ne hujjar da za ta sa hukumar samar da lantarki a karkara, ko wani mai jari, ya yarda ƙaramar tashar sola a kasuwarku za ta mayar da kuɗinta. Ɗaliban injiniya kuma, maimakon kwafo aikin ƙarshe daga intanet, ga aiki a ƙofar gidanku.

Kuma don Allah a rubuta shawara a takarda, shafi ɗaya, da suna da lambar waya, a miƙa a karɓi shaidar karɓa. Maganar baka tana ƙarewa ne a zauren. Idan aka sake sanar da irin wannan zama a jiharku, ku wakilta mutum biyu su je da littafin.