Shin tabar wiwi tana raba mutum da tramol da danginsa?

Kowa ya san tramol. Dangin morfin ne da kodin. Magunguna ne masu kashe zafin ciwo, amma jiki yana sabawa da su. In suka yi yawa a jiki, numfashi yakan tsaya.

Wannan masifa ta yi tsanani ƙwarai a Amurka. A shekarar 2021 kaɗai, mutum fiye da dubu 80 suka mutu saboda irin waɗannan ƙwayoyi, na asibiti da na bayan fage. Can ne aka fara tambaya: in an ba marar lafiya wiwi, zai rage shan su?

Tun 1996 jihar Kalifoniya ta halatta wiwi don magani, wasu jihohi suka bi ta. A 2014 masu bincike suka duba lissafin mace-macen ƙwaya daga 1999 zuwa 2010. Suka ga ya yi ƙasa da kusan kashi 25 cikin 100 a jihohin da suka halatta. Labari ya bazu, masu sayar da wiwi suka samu abin talla.

A 2019 malaman jami'ar Stanford suka sake wannan lissafi, suka kai shi har 2017. Sai ya juye: mace-mace a jihohin nan ya fi na sauran da kusan kashi 23 cikin 100. Ashe da farko faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Lissafin jiha ba ya nuna wa ya sha me.

A Ostareliya kuwa, mutanen aka bi ɗaya ɗaya. Su kusan 1500 ne, masu daɗaɗɗen ciwo, duk suna shan ƙwayoyin likita. Bayan shekara 4, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna wiwi ta rage musu ƙwaya ba. Gaskiya ne wasu majinyata suna cewa tana sauƙaƙa musu ciwo, amma sauƙin ciwo daban, rabuwa da ƙwaya daban.

Nan Nijar doka ta hana wiwi. Manomin da jikinsa ya saba da tramol, kada ya yanke shi rana ɗaya, don zufa da rashin barci da ciwon gaɓoɓi za su taso masa. Ya tafi asibiti a rage masa kaɗan-kaɗan.