Finland da darasin da ba shi da amsa ɗaya

A watan Agusta na 2016 makarantun firamare na Finland suka fara aiki da sabuwar manhaja. Cikin sharuɗɗanta har da cewa kowane ɗalibi, aƙalla sau ɗaya a shekara, zai yi aikin da ya haɗa darussa da dama wuri guda. Wasu jaridun waje suka yi ta yayata cewa an soke lissafi da tarihi, alhali suna nan daram a jadawali.

A ce malama ta tambayi 'yan aji huɗu: ta yaya za a rage abincin da ake zubarwa a makaranta? Tambayar ta shafe su, domin tun 1948 ake ciyar da ɗaliban ƙasar kyauta. Sai su ɗora bokitin ragowar abinci a kan sikeli kullum, su rubuta nauyinsa, su binciki yadda yake ruɓewa ya zama taki, sannan su rubuta wa masu girki wasiƙa. Wani rukuni ya ce a rage zubi, wani ya ce a canza miya. Lissafi da kimiyya da rubutu duk sun shigo, kuma malama ba ta riƙe da wata amsa a aljihu.

Hujjar masu tsarin ita ce matsalolin rayuwa ba sa zuwa darasi-darasi. Sun kuma dogara da malamansu, waɗanda sai da digiri na biyu suke riƙe aji.

To, ina sakamako? A jarrabawar PISA ta 'yan shekara 15, makin Finland a lissafi ya faɗo daga 548 a 2006 zuwa 484 a 2022. Masu suka sun samu abin faɗa. Sai dai ɗora wa manhajar laifin duka zalunci ne, tunda tun 2012 makin ya riga ya sauka zuwa 519.

Inda sukar take da ƙarfi shi ne batun yaron da karatunsa bai nuna ba. Idan aka ce masa ya je ya binciko, sau da yawa ɗan kallo yake komawa, masu ƙoƙarin rukunin su yi aikin. Wanda iyayensa ke zama da shi a gida kuwa ya ƙara yin gaba.

Gwamnati ba ta janye tsarin ba, amma daga Agustan 2025 ta ƙara wa 'yan firamare lokutan karatu da rubutu da na lissafi.