YAWURI: GARIN DA KOGIN KWARA YA RAINA

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kontagora zuwa Jega, ba makawa ya ratsa Yelwa, hedkwatar masarautar Yawuri a Jihar Kebbi. Garin yana bakin gabas na Kogin Kwara, daidai inda kogin ya fara buɗewa ya zama tafkin Kainji.

Yawuri tana cikin ƙasashen da masu tarihi ke kira Banza Bakwai. Tun fil azal akwai Gungawa a wurin, watau mutanen da ke zaune a gungunan tsakiyar ruwa, suna su, suna noman albasa a ƙasar da ambaliya ta janye ta bari. Akwai kuma Kambari da Dukkawa a tudu. Sarauta kuwa tana hannun Hausawa, kuma tsohuwar fadarsu ita ce Bin Yawuri.

Abin da ya ɗaukaka ƙasar shi ne mashigi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare Kwara a wannan yanki, Sarki ya karɓi fito, masu jirage su sami abinci. Ta nan ne Bature Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ya halaka a Busa, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander kuma suka sauka a 1830 suna neman takardunsa. Bayan jihadi Yawuri ta yi amana da Gwandu. Daga baya yaƙin basasa ya raunana ta, har Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da fada Yelwa a 1888.

Babban canji ya zo a 1968, lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Ƙasa ta sami lantarki, amma ruwa ya cinye gungu da dama da fadamun albasa, aka ta da mutane fiye da 40,000 daga yankin tafkin, aka gina musu sababbin matsugunai a tudu. Manomin da ya saba jiran ruwa ya janye, sai ya koma ɗaga shi da inji.

Har yanzu kogin ne uwa ma ba da mama. Kifin Yawuri da albasarta suna kaiwa kasuwannin kudu, bikin Rigata kuma yana tara jama'a kallon tseren kwalekwale. Sai dai ruwan da ke ciyarwa yana kuma ci. A watan Mayu na 2021 ne wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka ya kamata hukuma ta sa ido kan lodin jirage, ta wajabta rigar ruwa, ta kuma tumɓuke kututturan da tafkin ya binne. Mutanen da suka sadaukar da gonakinsu domin hasken ƙasa sun cancanci su je kasuwa su komo lafiya.