Kafin a nemi "maganin ƙwaƙwalwa", a duba kwana nawa yaro ya yi fashi

Duk ƙarshen zangon karatu, da zarar an raba wa yara katin sakamako, kantin maganinmu ba ya rasa baƙi iri ɗaya. A zangon da ya wuce wata uwa ta shigo da ɗanta ɗan aji huɗu na firamare, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hajiya, ko akwai maganin ƙwaƙwalwa? Na 19 ya zo." Na ce, "Maman yaro, na 19 cikin yara nawa?" Ta duba, cikin 23. Na ce to kwana nawa bai je makaranta ba? An rubuta a ƙasan katin, amma idonta bai taɓa kaiwa wurin ba. Kwana 16 ne, kusan duka saboda zazzaɓi.

Makarantar yaron irin ƙananan nan ne da suka cika unguwanninmu, daga Pantami da Bolari da Jekadafari har Tumfure: na kuɗi, na al'umma, da Islamiyyu masu haɗawa da boko. Ko bayan dokar ta-ɓaci da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ayyana kan ilimi a 2019, iyaye da dama can suke kai 'ya'yansu, don ajin ba cunkoso. Da me muke auna su? Da kyallen da ake ratayawa a bakin ƙofa, mai cewa ɗalibai sun ci WAEC kashi 100 cikin 100.

A ƙaramar makaranta wannan lissafi yana da yaudara. Idan yara 20 suka zauna jarrabawa, kowane yaro kashi 5 ne. Yara uku su kwanta rashin lafiya, sakamako ya faɗi da kashi 15, alhali malaman ba su canza ba. Kyallen kuma ba ya faɗa maka yara nawa suka shiga SS1 shekaru uku baya, nawa suka kai ga zama jarrabawar, nawa aka ce su je wani wuri su yi rajista don kada su ɓata wa makaranta suna. Ba ya faɗin 'yan mata nawa suka ɓace a hanya. Ba ya ma bambance wanda ya samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, wanda shi jami'a ke nema.

Sannan su wane ne a ajin? Aji ɗaya a Gombe yakan haɗa yaron da ake yi wa Fulatanci a gida, da mai jin Tera, Tangale, Waja ko Bolanci, da ɗan iyalin da rikicin Borno da Yobe ya koro. Hausa suke yi a waje, Turanci ake tambayarsu a takarda. Wani ya karya da ƙwai da shayi, wani sai ya kai tallar koko kafin ya sa kayan makaranta. Makarantar da ta ɗauki irin na biyun ta kai shi ga iya karatu ta fi wadda ta tsince 'ya'yan masu hali yin aiki, ko da kyallenta bai kai nata kyau ba. A Amurka, tun dokar ilimi ta 2002, makarantun da gwamnati ke ba kuɗi, har da waɗanda ƙungiyoyi ke gudanarwa, dole su fitar da sakamako rukuni-rukuni: na 'ya'yan marasa ƙarfi daban, na masu koyon Turanci daban. Mu a nan sai uba ya tambaya da bakinsa.

Ɓangaren da ya shafi sana'ata shi ne fashi. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59 ne, wato ɗan firamare ya wuce shi. Gidan sauro ne kariyarsa, sai gwaji kafin magani. Tsutsar ciki kuma tana shan jinin yaro a ɓoye. Ƙwaya ɗaya ta albendazole mai miligiram 400 ake bayarwa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan makarantun yammacin Kenya ya gano maganin tsutsa ya rage fashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, duk da makin jarrabawa bai tashi nan take ba. Na faɗi wannan ne don kada a mai da shi wani sabon maganin basira. Yaron da ke iyo a rafi ko wajen Dadin Kowa, in ya fara fitsarin jini, tsargiya ce ake zargi, a kai shi asibiti.

Ga ƙarancin jini, musamman ga 'yan matan da suka fara al'ada. Shan shayi tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa. Ga sikila. Ga ido: yaro na zaune a baya bai ganin allo, ana ce masa daƙiƙi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin ƙara cin abinci mai cyproheptadine da na mura mai chlorpheniramine da ake ɗura wa yara da safe. Dukansu suna sa barci, sai malam ya rubuta cewa yaro ba ya mai da hankali.

Maman yaron nan dai ban sayar mata da komai ba ran nan. Na tura su gwajin jini da na ido, na ce ta nemi malamin ajin ya nuna mata rajistar kiran suna, ta kuma dawo min da duk kwalaben maganin da ke kan firijinta in duba.